Glock 43X: wai dole sai an yi wa sabuwar fistol ranin kafin ta zauna?

Ranin dai shi ne a yi ta harba sabuwar bindiga har ƙarafanta su saba da juna, kamar yadda ake lallaɓa sabon mashin. Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba kowace ba, kuma wannan da nake magana a kanta ba ta buƙata. Amma wanda ya ciro ta daga kwali ya cusa a kube ya ce ya gama, shi ma bai san abin da yake yi ba. Tsakanin waɗannan biyun maganar take, kuma tun da na zo gida hutu 'yan majalisarmu ta wajen Wunti suka sa ni gaba da tambaya, don sun ji cewa ina da lasisin zama a Amurka kuma na mallaki fistol a can Houston, shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta in huta.

Kafin wani ya fara turo min saƙo ta bayan fage: tana can Texas a kulle cikin sef, ban zo da ita ba, ba na sayarwa, ban san mai sayarwa ba. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin haramtattun makamai, layi ɗaya da mashinga da gurneti, lasisinsu sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin ba ya gaza shekara 10. Bindigar farauta ce Sufeto Janar ke ba wa lasisi, adaka irin ta maharbanmu kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Don haka wannan rubutu na 'yan uwa ne da ke zaune a ƙasashen da doka ta yarda, sai jami'an tsaro da gwamnati ta ɗora wa fistol a ƙugu, sai kuma masu son sani kawai.

Toh ita dai 43X kamfanin Glock na Ostiriya ne ya fito da ita a 2019. Tana cin harsashi 9mm, magazin ɗinta na ɗaukar 10, tsawon bututunta wajen milimita 87, nauyinta da magazin ba harsashi ya ɗan haura rabin kilo kaɗan. In ka ajiye ta kusa da Glock 19, wadda ke cin 15 kuma bututunta ya kai milimita 102, za ka ga wannan siririya ce sosai, an yi ta ne don mai son ɗauka a jiki ba tare da ta yi tudu a riga ba. Kafin ita akwai Glock 43 ta 2015 mai cin 6 kacal, mariƙinta gajere har ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, sai kamfanin SIG suka fito da P365 a 2018 mai cin 10 a jiki ƙarami, kasuwa ta rikice, kowa ya shiga tsere, Springfield ma suka kawo Hellcat mai cin 11 wadda ake ƙerawa a Kuroshiya. Ita 43X mariƙinta ya fi na waɗannan tsawo, hannu yana cika a kai, kuma wannan ne ya sa na zaɓe ta don ni hannuna babba ne. Kuɗinta a shago bai kai dala 500 ba sanda na saya, an cike fom ɗin gwamnatin tarayya, an bincika sunana ta kwamfuta, sannan aka miƙo min. A kwalin akwai magazin 2, da ɗan abin taimakon cusa harsashi, da buroshi da sandar goge bututu, da littafin bayani wanda yawancin mutane ba sa buɗewa.

Kawuna wanda ya yi aikin soja har ya yi ritaya, ya zauna a barikin Shadawanka shekaru, shi ne ya fi kowa kafewa. Ya ce min, kai yaro, duk ƙarfen da ke goga ɗan uwansa sai ya yi ranin, kai ba ka ga sabuwar Boxer ba, wa ke murɗe mata wuya ranar da aka kwance ta daga kwali? Na ce Kawu ranka ya daɗe gaskiyarka a kan mashin, kuma akwai bindigogin da haka suke. Kamfanin Kahr, masu yin ƙananan fistol a Amurka, sun rubuta ƙarara a littafinsu cewa a harba 200 kafin a ɗauki bindigar a matsayin wadda ta zauna. Kimber, masu yin samfurin 1911 wanda John Browning ya zana, su nasu ya kai 400 zuwa 500, da mulmulallen harsashi, ana tsayawa ana gogewa a tsakani. Dalili shi ne irin waɗannan ana haɗa su a matse ƙwarai, ƙarfe na manne da ƙarfe a doguwar hanya, sai sun ɗan cinye juna kafin motsi ya yi sulɓi. Glock kuwa da gangan aka bar mata 'yar sarari, jikinta roba ne mai tauri, murfin sama wato silayid yana gudu ne a kan 'yan ƙarafa huɗu ƙanana da aka dasa a cikin robar, wurin gugar kaɗan ne. Littafinta bai ce a yi mata ranin ba. Tawa tun daga magazin na farko ba ta cije ba, kuma har yau da na harba kwalaye masu yawa ban ga ta yi min gardama ba.

Amma fa akwai abin da Kawu ya hango wanda masu cewa "Glock ce ai, ba ta buƙatar komai" ba su hango ba. Ƙaramar fistol ba ta da haƙurin babba. Ga yadda abin yake: in ka ja kunama harsashi ya tashi, ƙarfin fashewar ne ke tura silayid baya, a hanyarsa ta baya wata 'yar ƙugiya ta zaro kwanson da ya ƙone, wani ɗan ƙarfe ya buge shi ya fita ta taga, sifirin ya matse, sannan ya dawo da silayid gaba, a dawowar ne yake kwaso sabon harsashi daga bakin magazin ya hau da shi wani ɗan gangare ya cusa a makwancinsa ya rufe. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. A babbar fistol silayid yana da nauyi kuma tafiyarsa doguwa ce, magazin yana da isasshen lokaci ya turo harsashi na gaba sama. A ƙarama silayid ba nauyi, tafiyar gajeriya, harsashin kuma dai shi ne 9mm ɗin nan da ƙarfinsa bai ragu ba, don haka dole a sa mata sifirin mai tauri, galibi biyu ɗaya cikin ɗaya, don kada ta dinga dukan kanta. Ka ga lissafin ya zama a takure. Sifirin sabo fil yana da taurin kai, magazin sabo shi ma haka, in aka haɗa da harsashi mai rauni da hannu mai laushi, to ko bindigar ba ta da laifin komai za ta iya cijewa.

Na ga haka da idona a filin harbin da nake zuwa. Wani abokina ɗan Ghana ya sayi wata ƙaramar fistol ta wani kamfani daban, ba zan kira suna ba, ya zo da ita kai tsaye daga shago ko buɗe ta bai yi ba, ya sayi harsashi mafi araha a kanta. Magazin na farko kwanso ya maƙale a taga a tsaye, na biyu silayid ya dawo amma bai rufe ruf ba sai da ya dangwale shi da babban yatsa, mutumin nan ransa ya ɓaci har ya fara maganar zai mayar musu da kayansu. Ma'aikacin wurin, wani dattijo tsohon sojan ruwa, ya karɓa ya cire magazin ya duba makwanci sannan ya warware ta, sai ga wani maiƙo mai danƙo ya cika ciki, irin wanda kamfani ke shafawa don kada ta yi tsatsa a sito ko a jirgin ruwa. Wannan maiƙon ba man aiki ba ne, na ajiya ne, in ya haɗu da hayaƙin albarushi sai ya zama kamar kwalta. Aka goge, aka ɗiga mai inda ya dace, aka canza harsashi zuwa mai ɗan nauyi, ta ɗan ƙara yin gardama kaɗan sannan ta saki jiki. To a nan wa zai ce ranin ne ya gyara ta, wa zai ce wanki ne? Ni dai na fi ba wa wankin kaso mafi girma.

Shi ya sa abin da na yi wa tawa ranar farko shi ne na zauna da littafin, na warware ta gida huɗu, jiki da silayid da bututu da sifirin, na goge bututun don kada a ce akwai wani abu a ciki, na duba ko akwai tsagewa ko wani ƙarfe da ya yi kaifi inda bai kamata ba. Abu ɗaya da ya kamata mai Glock ya sani, a cikin silayid ɗin sabuwa za ka ga wani man shafawa mai launin jan ƙarfe, kamar tagulla, mutane da yawa suna ɗauka datti ne su kankare shi. Kamfanin da kansa ya ce a bar shi, zai tafi da kansa a hankali. Mai kuma ɗigo kaɗan take so, a hanyoyin silayid, a bayan bututu, da wani wuri ɗaya a bayan jiki inda ƙarafan kunama ke haɗuwa. Ramin allurar da ke sarar gindin harsashi kuwa ba a sa masa mai sam, in ka sa zai tara datti allurar ta rage ƙarfi wata rana ka ja kunama ka ji ƙyas ba ƙara.

Wannan batun mai ya fi shafar jami'anmu na nan gida fiye da ni ma. Houston gari ne mai laima, iska jiƙe take, can tsatsa ce abokiyar gaba. Nan Bauchi kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu har cikin hanci, ka ajiye waya a tebur minti kaɗan ka rubuta sunanka a kanta. Fistol ɗin da aka yi wa wanka da mai a irin wannan yanayi ƙura take kira, ta dama ta zama taɓo a ciki. Kawu ya ce su a zamaninsu bindigar da suka riƙe ko a yashi ka binne ta ka tono za ta tashi, na ce Kawu wannan AK ce, an yi ta da sarari kamar zaure, kuma gas ne ke tura mata ƙaton ƙarfe, ba a haɗa ta da abin da bai kai tafin hannu ba. Dariya ya yi ya ce 'yan boko dai ba a raba ku da dogon bayani, aka kawo masa da miya aka bar zancen a nan.

Wajen warwarewa akwai inda nake so a kula sosai, don nan ne mutane ke harbin kansu a cinya ko su huda bangon ɗaki. Glock ba ta warwaruwa sai an ja kunama. Ma'ana in ka manta da harsashi ɗaya a makwanci, to ka harba shi. Cire magazin ba ya nufin ba komai a ciki. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja silayid baya a kulle shi, a leƙa da ido, a sa yatsa a taɓa, a kai harsasai wani ɗakin daban, bakin bindiga na kallon inda ko ta tashi ba asarar rai, a saki silayid ya dawo gaba, sannan a ja kunamar. Wasu na ganin wannan aibi ne a tsarinta, ni ina ganin tsari ne da ba ya yafe wa mai gaggawa, kuma wanda zai saya ya san da haka tun a shago.

Sai harsashi. 9mm da ake samu a kasuwa galibi nauyi uku ne, 115 da 124 da 147 a ma'aunin giren. Mai 115 shi ne mai araha na atisaye, wasu kamfanonin kuma suna rage masa albarushi, to shi ne ke yawan kasa tura sabon sifirin har ƙarshe. Shawarar da zan ba mai sabuwar ƙaramar fistol ita ce kwalayen farko ya nemi 124 na kamfanin kirki, mulmulallen kai, yana da ɗan ƙarfi kuma yana hawa gangaren nan ba tare da tuntuɓe ba. Bayan nan sai ya koma kan wanda zai riƙa ajiyewa a ciki, wanda a Amurka yawanci mai rami a baki ne, don shi ba ya ratsa abu ya wuce ya sami na baya kamar mulmulalle. Wannan mai ramin bakinsa faffaɗa ne, kuma nan ne ake gane halin bindiga, akwai wadda za ta cinye mulmulalle ɗari biyu lafiya lau amma ka sa mata mai rami ta ƙi. Yana da tsada, kwalinsa ma sau da yawa 20 ne ko 25 maimakon 50, shi ya sa mutane ke ƙyashin gwada shi, su sayi kwali ɗaya su cika magazin su ajiye ba su taɓa harba ko ɗaya ba. Wallahi wannan ganganci ne. Tawa na gwada mata iri biyu na mai rami duk ta karɓa, na tsaya a kan ɗaya.

Magazin ma kowanne sai an gwada shi shi kaɗai. Na sa wa nawa lamba da fenti a gindi, don in matsala ta taso in san daga wanne take, domin kaso mai yawa na cijewar fistol daga magazin ne ba daga ita kanta ba. Sababbin na 43X suna da tauri, cusa na 10 sai ka haɗa da abin taimakon nan in ba haka ba babban yatsa zai gaya maka, bayan an cika an zazzage wasu lokuta suna laushi. Akwai kuma magazin na ƙarfe da wasu kamfanoni ke yi mata mai cin 15, mutane na rububinsa, amma sai ka canza maɓallin sakin magazin zuwa na ƙarfe shi ma don na roba zai cinye. Ni ban bi wannan hanyar ba. Duk abin da ka canza a ciki, gwajin da ka yi a baya ya rushe sai ka sake daga farko, kuma in ta cije ba ka da bakin kai ƙara wurin kamfani.

Wasu dabarun da ake yaɗawa a YouTube kuma ban ga amfaninsu sosai ba. Wai ka kulle silayid a baya ka bar shi kwana bakwai sifirin ya yi laushi. Sifirin motsi ne ke gajiyar da shi, matsewa da sakewa, ba zama a matse ba. Wai ka zauna gaban talabijin ka yi ta jan silayid da hannu sau ɗari biyar, to ba zai cutar ba in ka tabbatar ba harsashi, hannunka ma zai saba, amma jan hannu bai kai bugun harsashi ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu ɗaukar injin gurza su ce za su goge gangaren ya yi sheƙi. Ƙarfen da ka cire ba ya dawowa, garanti kuma ya tafi.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne rabin ranin ɗin na mai bindigar ne. 43X tana da tsalle fiye da Glock 19, haka duk ƙananan suke, ba nauyin da zai shanye bugun. In wuyan hannunka ya yi sako-sako, jikin bindigar sai ya bi silayid baya tare, ƙarfin da ya kamata ya zaro kwanso ya salwanta a hannunka, sai ka ga kwanso a maƙale. Na ga wata baiwar Allah da ke koyon harbi da wata ƙaramar fistol ta haya tana fama da wannan kusan kowane magazin, malamin ya karɓa ya zazzage shi tas ba ko tari, ya gyara mata riƙo ya ce ta ɗaga hannu can sama ta ƙanƙame da na hagu, shi ke nan magana ta ƙare. Haka masu manyan hannu irina, babban yatsa yakan kwanta a kan ɗan maƙullin gefe, sai harsashi ya ƙare silayid bai tsaya a baya ba, mutum ya ce bindiga ta lalace alhali yatsansa ne. A kwalayen farkon nan ne ake gano duk wannan, a kuma gano inda take sa harsashi in an yi saiti. Saitin da take zuwa da shi na roba ne, yana aiki, amma da yawa suna canza shi da na ƙarfe mai haske da dare, ni ma na canza.

To nawa za a harba? Ni 200 nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, kwali 4 ke nan na mulmulalle, a bi duk magazin, sannan a ɗora mai ramin da za a zauna da shi, a goge a tsakani. Ko bindigar da aka ce ba ta buƙatar ranin a yi mata haka, don kamfani komai sunansa yana fitar da dubbai kuma a cikin dubu ba a rasa wadda aka yi kuskure a kanta, gara a gano a filin harbi. In ta yi tuntuɓe sau ɗaya ko biyu a kwalin farko sannan ta daina, ba abin damuwa ba ne. In kuwa an wuce 200, an wanke, an canza harsashi, an canza magazin, wani gwani ya harba shi ma ta cije masa, kada mai shago ya ce maka ƙara 500 za ta zauna. Kuɗin harsashi 500 ya isa wani abu, kuma ƙugiyar da aka yanka ba daidai ba harbi ba zai daidaita ta ba. A kira kamfani a aika musu su gyara, abin da garanti ke nufi ke nan.

43X dai zan sake sayenta in da yau ne. Wanda hannunsa ƙarami ne ya gwada P365 kafin ya yanke shawara, wanda kuma a gida kawai zai ajiye ba ɗauka zai riƙa yi ba, Glock 19 ta fi masa sauƙin harbi nesa ba kusa ba. Filayen harbi da yawa a Texas suna ba da haya, ka biya kaɗan ka gwada uku ko huɗu a rana ɗaya. Sai dai wanda ya je da bizar ziyara ya sani dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi ko da na haya ne, in ba yana da lasisin farauta na wata jiha ba, don haka ya tambaya tukuna kafin ɗan uwa ya ɗauke shi zuwa filin harbi don a yi hoto. Sef kuma a saye shi rana ɗaya da bindigar, musamman gidan da ke da yara.